Mai Yin Misa a Pleasant Garden

Martha da mijinta Sylvanus 'yan Katolika ne gaba da baya, ita 'yar Kagoro, shi ɗan Zonkwa, amma tun da suka bar ƙasa suka zo Greensboro ba su cika zama a benci ɗaya a coci ba. Ita tana son Misar da ake waƙa da tafi, wadda in an tashi 'yan Zumuntar Mata za su tsaya a bakin ƙofa suna hira har rana ta yi. Shi kuwa tun yana yaro, zamanin Turawan mishan, ya yi hidima a bagadi lokacin da ake Misa da Latin, Fada ya juya wa jama'a baya yana addu'a ƙasa-ƙasa. Ba ya jin Latin ɗin, amma ya haddace amsoshin kaf. Da ya gano akwai wani tsohon Bature, Fada Bernard, da ke yin irin wannan Misa a wani coci a gefen gari, sai ya koma can. Martha ba ta damu ba. Ai duk ekklisiya ɗaya ce, Paparoma ɗaya.

Ana nan sai bishop ya ba da umurni a daina Misar Latin a wannan cocin. Fada Bernard ya ƙi. Aka gargaɗe shi, ya ƙi. Daga ƙarshe aka dakatar da shi, aka hana shi yin Misa a gaban jama'a da sauraron masu furta zunubi. Sai wani mai hali daga cikin mabiyansa, Eric, ya gyara masa tsohon ɗakin dawakai a filinsa da ke Pleasant Garden, mutane ƙalilan suka bi shi can. Sylvanus na cikinsu.

"Baban Confidence, mutumin nan fa an dakatar da shi," in ji Martha ran Lahadin farko, tana kallonsa yana ɗaura takalmi.

"Wa ya dakatar da shi?"

"Bishop mana."

"Misar da aka binne ubana da ita ce bishop zai ce a daina? Shi da aka haifa jiya?"

"To ka yi haƙuri ka bi na gaba. Ba haka aka koya mana ba?"

"In na gaba ya bar hanya fa?"

Ya ɗauki makullin mota ya fita. Da Martha ta faɗa wa 'yarsu Confidence a waya, sai yarinyar ta yi dariya daga Raleigh. "Mummy, leave him. At least ba mashaya yake zuwa ba."

Watanni suka wuce, Sylvanus ya soma canjawa. Mutumin da ya yi ritaya daga tuƙin motar makaranta, wanda yaran unguwa ke so saboda barkwanci, ya koma shiru-shiru. Ya daina gaisawa da Fada Josiah, matashin Fada ɗan Pankshin da ke cocin su Martha, wanda dā yake zuwa gidansu cin tuwo da miyar karkashi. Wata rana Martha ta ga an cire hoton Paparoma daga falo. Ta tambaya, ya ce ko a Misarsu sun daina ambaton sunansa, wai kujerar Paparoma ba kowa a kanta. Kowace Lahadi yana dawowa da ƙanshin turare a rigarsa, ya daɗe zaune a kujera.

Martha tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Sedgefield. A farkon kaka aka canja mata ɓangare, aka mai da ita inda ake ajiye waɗanda ba sa iya yi wa kansu komai. Ran farko ta shiga wani ɗaki a ƙarshen baranda da ruwan wanka, ta tarar da wani tsoho kwance, rabin fuskarsa ya zube, hannun dama ya lanƙwashe a ƙirji. Ta gaishe shi, bai amsa ba sai wani ɗan tari mai ƙaiƙayi, sau biyu a jere, kamar wanda zai soma magana. Ta kai hannu za ta gyara masa filo, nan ta gane shi. Fada Bernard ne.

Ta fita ta sami abokiyar aikinta Hamsatou, 'yar Maraɗi, a ɗakin magani.

"Wannan na ɗakin ƙarshe, yaushe aka kawo shi?"

"Malamin cocin? Tun cikin zafi, Anti. Shanyewar jiki ce. Ba ya magana, ba ya tafiya. Wani Bature ne kawai ke zuwa ganinsa, shi ya sa hannu a takardu, ya ce kada a bar kowa ya shiga."

Martha ta yi lissafi a ranta. Tun cikin zafi zuwa yanzu Lahadi nawa ke nan, kuma ba wadda Sylvanus bai je Pleasant Garden ba.

Dokar aiki ta hana ta faɗa wa kowa wanda ke kwance a gidan, ko da mijinta ne. Don haka da yamma, suna cin abinci, sai ta zagaya.

"Ran Lahadi wa ya yi muku Misa?"

"Fada Bernard."

"Shi da kansa?"

Sylvanus ya ajiye cokali. "Me kike nema?"

"Tambaya ce kawai. Yana lafiya?"

"Jiki na damunsa. Eric ya kai shi wani wuri yana hutawa. Amma Misa ba ya fashi."

Ta dubi fuskarsa. Ta san Sylvanus idan yana ƙarya, yakan sosa kunne. Bai sosa ba.

"Wannan Lahadin zan bi ka," ta ce.

Ya yi murna har ya tashi ya nemo mata farin gyale, ya ce a can mata ba sa shiga da kai a buɗe.

Safiyar ta yi kyau, rana tarwai, ganyayen itatuwa sun yi ja da rawaya a gefen hanya. Suka bar gari, suka bi ta cikin manyan filaye inda gida da gida ke da nisa, har suka shiga wata hanyar tsakuwa. Motoci kaɗan ne a bakin ɗakin dawakin. Ba wanda ya gai da wani. Mata sanye da gyale suna shiga kansu a ƙasa, yara ma ba mai motsi.

Ciki duhu ne, don an toshe tagogi da katako, hasken kyandir kawai ake gani. Ƙarƙashin ƙanshin turare har yanzu ana jin warin doki. Sylvanus ya nuna mata benci na baya, ya wuce gaba. Kafin idonta ya saba da duhun ta hango mutum tsaye a gaban bagadi, ya juya baya, sanye da koriyar rigar Misa mai babban gicciye. Ta ɗauka Fada Bernard ne. Ta ƙura ido. Sai ta ga ba kai a saman rigar. An rataye ta ne a kan irin gunkin katakon da teloli ke gwada kaya, an ɗora abin wuya da komai, an juya ta ta fuskanci bagadi.

Ta ɗan sami numfashi. Ta ce a ranta, to, addu'a kawai suke yi a gaban kayansa don tunawa da shi. Abin tausayi ne, amma ba abin tsoro ba.

Sylvanus ya fito sanye da farar rigar hidima, ya durƙusa a gefen hagu na rigar. Ya kaɗa ƙararrawa. Kowa ya durƙusa.

Aka yi shiru. Sylvanus ya karkata kai kamar mai sauraro, sannan ya amsa da Latin. Aka sake shiru, wannan karon ya fi tsawo, ya sake amsawa. Ba takarda a hannunsa, ba agogo a bango. Can sai jama'a duka suka sunkuyar da kai lokaci ɗaya, suka ɗago lokaci ɗaya. Martha ta duba ko Eric ne ke ba da alama, ta same shi a benci na gaba, dogo mai furfura, idonsa a rufe. Wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba ta yi alamar gicciye tare da manya, ita ma ba ta kallon kowa.

Suka miƙe don karatun Bishara, suka tsaya suna sauraron abin da Martha ba ta ji. Wata tsohuwa a gabanta tana gyaɗa kai. Wani ya share hawaye.

Lokacin da aka kai tsakiyar Misa, inda Fada ke ɗaga jibi, wato gurasar nan mai tsarki, Sylvanus ya matsa ya kama gefen rigar ta baya ya ɗan ɗaga, yadda masu hidima ke yi. Ɗakin ya yi tsit har ana jin ƙarar kyandir. A cikin wannan shirun Martha ta ji tari daga wajen bagadi, ƙarami, mai ƙaiƙayi, sau biyu a jere.

Duk satin nan tana jin wannan tarin a ɗakin ƙarshe. Ta ce a ranta Sylvanus ne, ko wani a benci na gaba. Amma bakin Sylvanus a rufe yake, hannunsa na kaɗa ƙararrawa.

Sai cin jibi. Mutane suka je gaba suka durƙusa a jere, suka rufe ido, suka fito da harshe. Sylvanus ya bi layin da ɗan faranti, yana sa shi ƙarƙashin haɓar kowa, ya jira, ya matsa. Ba wanda ya sa musu komai a baki. Amma duk wanda farantin ya wuce sai ya rufe baki ya haɗiye, Martha tana ganin maƙogwaronsu na motsi.

Ba ta jira ƙarshe ba. Ta fita ta jingina da mota, rana na dukanta.

Da aka tashi Eric ya zo wajenta da fara'a, ya yi mata magana da Turanci a hankali. Ya ce ya ji daɗin zuwanta. Ya ce ranar farko ba kowa ke ji ba, amma in ta ci gaba da zuwa za ta ji.

"In ji me?"

"Fada. Bishop ya ɗaure masa hannu, ciwo ya ɗaure masa baki, amma ba wanda ya isa ya hana shi bagadinsa."

A mota ta ce wa mijinta, "Baban Confidence, ba kowa a cikin rigar nan."

"Na sani," ya ce, idonsa a kan hanya. "Da farko addu'a kawai muke yi. Rannan na amsa ban san na amsa ba, na juya na ga kowa ya ji abin da na ji."

Ran Litinin ta nemi Hamsatou, don ita ke aikin ƙarshen mako.

"Jiya da safe yaya mai ɗakin ƙarshe ya yi?"

Hamsatou ta dube ta. "Wa ya faɗa miki? Kowane dimanche, duk Lahadi, haka yake. Da hantsi sai jikinsa ya sandare, ido a buɗe yana kallon bango. Hannun nan mai lafiya yana ɗagawa yana saukewa, bakinsa na motsi. Likita ya ce ba farfaɗiya ba ce. In abin ya sake shi sai gumi sharkaf, ya kwana biyu bai ci abinci ba. Vraiment, Anti, kamar wanda aka sa noma. Ni in ya fara, addu'ata nake yi in ja ƙofa."

Martha ta shiga ɗakin. Tsohon ya rame fiye da satin da ya wuce, laɓɓansa sun bushe. Ta jiƙa auduga tana shafa masa. Ya bi ta da ido, ita kuma ta kasa gane ko roƙo ne a idon ko gajiya.

Ta je ta sami Fada Josiah bayan Misar safe, ta faɗa masa komai ban da sunan gidan. Ya saurara bai katse ta ba.

"Mama, abin da kika ji a can ban san ko mene ne ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na sani ba. Amma dakatarwa ba kora ba ce. Har yanzu ɗan'uwanmu ne. In an bar ni, yau ɗin nan zan je in shafe shi da mai, in yi masa addu'ar marasa lafiya."

Martha ta san ba za a bar shi ba. Eric ya bar umurni cewa kada wani Fada na bishop ya taka ɗakin.

Martha ta kwana biyu tana juya abin. Ran Alhamis ta bar kular abincinta a gida da gangan, ta kira Sylvanus ta ce ya kawo mata. Da ya zo ta ce ya biyo ta, ta bi da shi ta barandar, ta tsaya a ƙofar ƙarshe wadda ta bari a buɗe. Ba ta ce komai ba. Ta san in an gano aikinta na iya tafiya.

Sylvanus ya leƙa. Kular ta kusa faɗuwa daga hannunsa. Ya shiga a hankali ya durƙusa a gefen gadon.

"Fada," ya ce. "Ni ne, Sylvanus."

Tsohon ya juyo da ido. Ya daɗe yana kallonsa, hawaye ya gangaro ta gefen fuskar da ta zube. Sylvanus ya kama hannun mai lafiya zai sumbata, sai hannun ya zame ya dafa ƙirjinsa, ya tura shi. Ba ƙarfi a turawar, amma tura ce. Bakin ya yi ta kokawa, maƙogwaro na ƙara, har wata kalma ta fito.

"Ite."

Ya sake faɗa, da ƙyar. Sannan ya rufe ido.

A waje Martha ta tambaye shi ma'anarta. Sylvanus ya jingina da bango.

"Ita ake faɗa in an gama Misa. Wai ku tafi."

Ran Asabar ya je Pleasant Garden shi kaɗai. Ya faɗa wa Eric abin da ya gani, ya ce su sauke rigar nan su bar bawan Allah ya huta. Eric ya ce mai shanyewar jiki ba ya sanin abin da yake faɗa, kuma Shaiɗan ya iya shiga bakin mara lafiya. Ya ce in Sylvanus ya gaji da hidima akwai wanda zai karɓa. Ya kuma tambayi yadda aka yi ya shiga ɗakin. Sylvanus ya ce ɓatan hanya ya yi.

Washegari bai je ba. Ya zauna a falo sanye da kayan coci, hannu a gwiwa. Martha ta fasa zuwa nata cocin ta zauna da shi. Da hantsi ta ga laɓɓansa sun fara motsi, ya sa hannu ya toshe bakinsa.

"Sun fara," ya ce ta cikin yatsu.

A wannan safiyar, in ji Hamsatou daga baya, abin ya kama Fada Bernard fiye da kullum, kuma bai sake shi da wuri ba. Likita ya ce a kira dangi. Sai a lokacin aka nemo wata ƙanwarsa a Ohio, wadda Eric bai taɓa sanar da ita ciwon ba. Ta iso ranta a ɓace, ta karɓi ragamar komai, ta ce a kira mata Fada, ko wane ne. Fada Josiah ya zo da mai. Da ya tsaya a bakin gadon ya tambayi tsohon ko ya yarda. Fada Bernard ya kalle shi, ya buɗe tafin hannunsa a kan bargo. Fada Josiah ya shafe shi, ya yi addu'ar da Turanci, sannan ya ƙara wata gajeriya da Latin ɗin da ya koya a makarantar Fada, yana tuntuɓe. Fada Bernard ya rasu kafin wata Lahadin, da rana, ƙanwarsa na riƙe da shi.

Bishop ya yarda a yi masa jana'iza a coci kamar kowane Fada. Mutanen Pleasant Garden ba su zo ba, sun ce Misar Turanci ba jana'iza ba ce. Sylvanus ya zo, ya zauna a baya, bai ci jibi ba. Shugabar aikin Martha ta kira ta ofis kan maganar mijinta da aka gani a baranda, ta ja mata kunne, abin ya tsaya nan.

Sanyi ya shigo sosai lokacin da Eric ya kira. Suna karin kumallo ran Asabar, Sylvanus ya sa wayar a lasifika don hannunsa da man gyaɗa. Muryar Eric ta fito da fara'a. Ya ce ba ya riƙe da kowa a zuciya. Ya ce tun da aka binne Fada muryarsa ta ƙara fitowa, yanzu har na benci na baya suna ji, kuma sababbin mutane sun fara zuwa. Sai dai sabon mai hidimar yana kuskuren amsa, in ya yi kuskure sai a ji Fada ya tsaya yana jira.

"Kai yake jira, Sylvanus."

Martha ta miƙa hannu ta kashe wayar. Ba wanda ya ƙarasa shayinsa.

Da safiyar Lahadi ta fito wanka ta tarar da shi tsaye a ƙofar ɗaki, ya riga ya sa kaya. Ya miƙo mata makullin motarsa.

"Maman Confidence, riƙe mini wannan. Kada ki ba ni sai bayan azahar, ko na roƙe ki."

Ta sa shi a jakarta. Suka tafi cocinta a motarta, ya zauna kusa da ita a cikin 'yan Zumunta, ana waƙa yana kallon ƙasa. Ana cikin huɗuba ya matso kunnenta ya ce ta ba shi makullin, zai ɗan duba wani abu ya dawo. Ta ce a'a. Wajen cin jibi ya sake roƙo, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin. Ta ɗora jakar a cinyarta ta danne da hannu biyu, ta ce a'a.

Da aka tashi ya ce yana jin yunwa. Ta tsaya a wani shago a hanya ta saya masa kaza, ya ci a cikin mota, ya yi barci kafin su isa gida.